Babi na Bakwai: Kafin a Ce Inji Ya Buga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora da hantsi, inda hanyar Jos ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, ta ratsa Tudun Wada, ta kutsa dajin Falgore, ta ɓulla Doguwa kafin ta shiga ƙasar Saminaka, zai ga cewa a cikin motocin da ke lodin masara da shinkafa da fasinja, ko da yake ta yi ƙaranci yanzu, ba a rasa tsohuwar Peugeot 504, wadda mu muke kira Fijo, ko dai doguwar nan mai kujera layi uku, ko kuwa a-kori-kura wadda aka jibga wa buhuna har suka fi ta tsawo. In kuma ya jima a wurin, ya zauna a rumfar mai shayi, da wuya ya tashi bai ji wani ya ce motar wane ta kwana a daji, injinta ya buga ba. Wannan kalma ta "buga" ita ce mas'alar babin nan, domin kuwa hukunci ce mai nauyi wadda ake yankewa da sauƙin baki, alhali a ƙarƙashinta akwai illoli da yawa mabambanta, wasunsu na kashe inji a cikin dakiƙa, wasu za su iya jira har bayan kaka, wasu ma ba a cikin injin suke ba sam.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya sa nake kishin wannan mota musamman. An fito da 504 a Faransa a shekarar 1968, aka fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar Kakuri ta Kaduna a 1975, kuma bayan Turawa sun daina ƙera ta a ƙasarsu a 1983 sai da aka yi sama da shekara 20 ana ci gaba da fito da ita a nan. Ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da ba su fi na Riruwai da damina kyau ba. Amma abin da ya fi wannan duka muhimmanci ga talakan da ya mallake ta shi ne yadda aka gina injinta, mai silinda huɗu, kishingiɗe a gefe guda, mai girman 1796 ko 1971 bisa ma'aunin cc: ramukan da fistin ke kai da kawo a cikinsu ba a jikin gangar injin aka huda su ba, bututu ne huɗu na ƙarfe, kanikawa na ce musu laina, ana zare su a sa sababbi. Watau waɗanda suka ƙera ta sun ƙera ta ne da niyyar a gyara ta sau da yawa, saboda haka wanda ya yanke mata hukuncin mutuwa ba tare da hujja ba, ya sa mai ita ya sayar da shanu ya sayo injin Beljiyam wanda bai san tarihinsa ba, ya zalunce shi ko da kuwa bai yi nufin haka ba.

Alƙalan ƙasar nan na dā, waɗanda suka tashi a kan fiƙihun Malikiyya, ba sa yanke hukunci a kan da'awa sai an kawo shaida, kuma suna rarrabe zato da yaƙini. Ƙarar da direba ya ji da'awa ce. Aikin bakanike shi ne ya nemo shaidu, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda suka haɗu da inda suka saɓa, kana ya ɗauki sifana. Shaidar farko kuwa ita ce direban kansa, in har an yi masa tambaya da lalama yadda ba zai ji ana tuhumarsa ba: yaushe abin ya fara, a kan hawa ne ko a gangara, da sanyin safiya ko bayan doguwar tafiya, allurar zafi ta hau ko ba ta hau ba, jar fitilar mai ta ƙyafta ko ba ta ƙyafta ba, wa ya juye baƙin mai na ƙarshe kuma daga wace jarka. A kudancin Kano akwai tambaya ɗaya da ba a mantawa da ita daga watan Yuli zuwa Satumba, ita ce ko motar ta tsallaka rafi. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, don haka in inji ya shaƙi ruwa ta kafireto, fistin ya taso ya tarar da shi, kwanrod ne zai lanƙwashe. Injin da ya mutu a tsakiyar ruwa ba a sake murza masa makulli sai an kwance fulogi huɗun an juya shi ya tofar da abin da ya sha.

Sai sauraro, wanda shi ne gundarin ilmin, kuma shi ne abin da ba ya koyuwa da gaggawa. Wata shekara, da damina ta yi nisa, na bi kawuna a Fijonsa za mu je gaisuwar rasuwa a ƙasar Doguwa. Mun bar Tudun Wada ke nan, kafin mu shiga daji, sai wata ƙara ta tashi a gaban mota, ƙwas ƙwas ƙwas, tana bin saurin inji. Muka lallaɓa muka koma gari. Saurayin da muka fara samu a gareji bai yi minti ɗaya yana saurare ba ya ce metal ya ci, sai an sauke inji. Kawu ya yi shiru, domin masararsa ba ta ko fitar da gemu ba, balle a yi zancen kuɗi. Ana cikin haka maigidan yaron ya dawo daga masallaci, dattijo ne mai furfura, ya gaisa da mu, ya ce, "Alhaji, a tayar da ita mu ji daga bakinta." Ya ɗauki doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, yana matsawa da ita daga sama zuwa ƙasa, daga baya zuwa gaba, kamar likita a ƙirjin majinyaci. Daga nan ya sa yaron ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Ƙarar ba ta sake ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Kai yaro, ka ji ta ragu?" Yaron ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, kashe ta, ka cire fanbel." Da aka sake tayarwa, ƙarar ta canza murya ta kusa ɓacewa. Fulin da ke gaban karanshaf ne notinsa ya saki, yake ta kaɗawa.

Abin da dattijon nan ya yi yana da dalili a kowane mataki, kuma dalilin ne nake so mai karatu ya riƙe. Tsakanin karanshaf da kwanrod akwai wani siririn ƙarfe mai laushi, rabi biyu kamar ɓawon gyaɗa, shi ne metal, kuma a inji mai lafiya ƙarfen nan biyu ba sa taɓa juna, baƙin mai ne ke shiga tsakaninsu a cikin tazarar da ba ta fi kaurin gashin kai ba. In tazarar ta buɗe, duk lokacin da wuta ta tashi a kan fistin sai kwanrod ya doki karanshaf, a injin da ke juyi 3000 a minti kuwa kowace silinda tana kama wuta sau 25 a dakiƙa ɗaya, ka ga ke nan dalilin da ya sa wannan illa ba ta jira. To, in aka zare wayar fulogin silindar da ke da ciwon, an ɗauke mata gudumar da ke dukanta, sai ƙarar ta ragu ko ta ɗauke. In an zagaya huɗun ba ta sake ba, zargin kwanrod ya yi rauni ƙwarai. Ƙarar metal ɗin kwanrod tana da kaifi, tana ƙaruwa in mai ya yi zafi ya tsinke, tana kuma fitowa fili in an ɗan taka totur an saki. Ta manyan metal guda biyar da karanshaf ke kwance a kansu ba haka take ba, ita mai zurfi ce, dum dum, kamar ana daka a bayan katanga, an fi jin ta in mota na jan kaya. Fistin da ya yi wa laina ƙanƙanta kuwa da sanyin safiya yake kuka, in inji ya ɗumama ya kumbura sai ya yi shiru, kuma mota na iya shekara a haka.

Akwai wata alama mai daɗin ganewa ga wanda ya san ƙidayar kiɗa. Sandar da ke buɗe bawul tana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, saboda haka ƙarar tafet, wadda ke fitowa daga saman inji, cak cak kamar keken ɗinki, a rabin saurin juyin inji take bugawa, kuma sauƙi gare ta, gyaranta saiti ne kawai. Tana da 'yar'uwa mai ruɗi, watau iskar da ke tsiyaya inda bututun salansa ya haɗu da inji, wadda ita ma ke cakcak, amma za ka ga baƙin toka a wurin. Sarƙar taimin in ta saki a gaba take sassarfa. Sannan akwai wadda direbobin hanyar Riruwai suka fi kowa sani, domin ƙasar duwatsu ce, inda aka daɗe ana haƙar kuza: in mota ta ɗauki kaya tana hawa a babbar giya, sai a ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ko don taimin ya yi gaba, ko don man gurɓatacce ne, ko don inji ya ɗauki zafi. A ranar farko babu abin da ya lalace, sai dai in aka ƙyale ta tana iya fasa ringi, ta huda kan fistin. Direban da ya ji ta ya sauko giya ya ceci injinsa a wannan hawan.

Hayaƙi shaida ne mai saurin magana, ba zan daɗe a kansa ba. Baƙi fetur ne ya yi yawa, laifin kafireto ko matatar iska, ba ciwon ciki ba ne. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, in da tayarwar safe ne ko bayan doguwar gangara a zargi hanyar bawul, in kuwa sai an ba ta wuta yake turnuƙewa a zargi ringi da laina. Fari mai kauri wanda ba ya yankewa ruwa ne, amma a yi hattara da hunturu, domin da asubar watan Janairu a bakin madatsar Tiga ko mota mai lafiya sai ta yi tururi kafin ta ɗumama.

Baƙin mai shi ne shaidar da ta fi kowace gaskiya, kuma ita ce aka fi saye. Bakanike na ƙwarai yakan tsiyaye shi a kwano mai tsabta, ya fito da shi rana, ya karkata, ya duba. In ya ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ya cinye har ya kai gindinsa. In ya sa maganaɗisu ya ɗebo baƙin gari, baƙin ƙarfe ne ke ci, ko laina ko ringi ko karanshaf, domin abin da ake shafa wa fuskar metal ba ya bin maganaɗisu. In ya murza a yatsa ya ji tsaki, ƙasa ce, ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji na Kiru da Bebeji wadda ta shiga saboda wani ya jefar da matatar iska yana cewa tana shaƙe mota. A ganina babu abin da ya kashe injin Fijo a karkara kamar wannan al'ada. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In kuma ya ƙaru a geji maimakon ya ragu, yana warin fetur, sau da yawa fatar famfon fetur ce ta yage take zubarwa cikin inji, abu ne mai araha wanda in an bar shi zai tsinka mai ya cinye metal.

Na ce an fi sayen wannan shaida domin akwai dillalan da in za su sayar da mota mai ciwon metal sai su ɗura mata mai mai kauri, har da na giya, su yanke wayar jar fitila, don ƙarar ta kwanta na yini biyu. Wannan algus ne tsantsa, malamai ba su yi saɓani a kan haramcinsa ba, kuma shari'a ta ba mai saye damar mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Amma mutumin ƙauye da ya sayi mota a birni, ta mutu masa a tsakiyar Falgore, ina zai ga dillalin? Kariyarsa ita ce ya murza makulli kafin a tayar, ya tabbata fitilar mai ta kama, ta kuma mutu bayan tayarwa, ya ƙi amincewa da injin da ya tarar an riga an ɗumama, sannan ya tuƙa ta tafiya mai nisa har man ya yi zafi sosai, ya tsaya ya bar ta a silo ya saurara.

Mas'alar ruwa a Fijo tana da reshe biyu, kuma a nan ne jahilci ke yin ɓarna mafi tsada. Kan injin na alminiyam ne, gangar kuwa baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna, don haka in fanbel ya tsinke ko lagireto ya toshe da lakar ruwan rafi, kan yakan ɗan karkace, gasket ya ƙone. Alamarsa ita ce kumfa na tasowa a bakin lagireto in an tayar da inji da sanyi, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, fulogi ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran suna da toka. Kada wanda ya kuskura ya buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa sun toye fuska a haka. Reshe na biyu shi ne, da yake lainonin nan a cikin ruwa suke tsaye, kowanne yana da siririn gasket a gindinsa wanda ke hana ruwa gangarawa cikin mai. Wanda ya fizge kan inji sama da ƙarfi, ko ya juya karanshaf bayan ya cire kan ba tare da ya danne lainonin ba, ya ɗaga su daga mazauninsu ke nan. Zai sa sabon gasket, ya ɗaure, ya karɓi ladansa, bayan mako ɗaya mai motar ya dawo da shayi da madara a geji, a ce masa gasket ɗin ne jabu.

Duk waɗannan ƙiyasi ne daga alama zuwa sababi. Abin da ke kusantar da mutum ga yaƙini ba tare da an buɗe inji ba shi ne gejin gwada matsi, ɗan ƙaramin abu wanda kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, wanda kuma ina mamakin yadda gareji da yawa ba su da shi. Ana ɗumama inji, a cire fulogi duka, a taka totur har ƙasa, a murza, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. Ba yawan adadin ne abin dubawa ba kamar daidaituwarsu, in ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 akwai magana. Sai a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake gwadawa: in allura ta hau, man ne ya toshe giɓin ringi na ɗan lokaci, laifin yana ƙasa, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket, in kuwa maƙwabta biyu ne suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Amma kafin a tuhumi bawul a duba saitin tafet, wanda a wannan inji, da sanyi, milimita 0.10 ne ga na shiga, 0.25 ga na fita, domin bawul da aka matse ba ya rufewa, sai ya nuna alamar ƙonewa alhali lafiyarsa lau, in an bar shi a haka kuwa ya ƙone da gaske.

Dattijon nan na Tudun Wada yana da irin wannan geji a nannaɗe cikin tsumma. Bayan ya ɗaure fulin, bai sallame mu ba, ya ce tun da an zo gara a ji sauran labari. Silinda uku suka yi daidai, ɗaya ta gaza, da ya zuba mata mai ta hau. Ya buɗe murfin zuba mai inji na aiki, ya tara tafin hannunsa, ya ji huci na bugowa. Ya tsiyayi mai kaɗan ya duba a rana, babu ƙyalli. Sannan ya juya ga kawu ya ce, "Alhaji, ciwon da ya tsayar da ku mun gama da shi. Akwai wani kuma, ringin silinda ɗaya ya gaji, amma metal ɗinka lafiya lau. Wannan zai kai ka kaka in Allah ya so, muddin kana duba mai kowace safiya, ba ka kuma yi mata lodin rashin imani. Amma ranar da jar fitila ta ƙyafta, ko ka ji ƙara mai kaifi daga ƙasa, ka kashe ta a inda kake, ko da tsakiyar daji ne, ka nemo igiya." Kawu ya tambayi ladan aiki, ya ce a ba yaron abin sabulu.

Mun isa gaisuwar bayan la'asar. Motar ta yi ta shan mai kaɗan kaɗan har aka girbe masara, kawu ya sayar da buhunan da ya sayar, ya shiga Kano, ya sayo laina huɗu da fistin da ringi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kawo wa dattijon. Da aka kwance kaskon ƙasa aka fito da metal, ya shimfiɗa su a kan takarda bisa jerinsu, fuskarsu toka toka ba tabo, ya bi wuyan karanshaf da farce bai ji kurji ba, don haka ba a kai shi birni wanki ba. Ringin sama na silindar nan kuwa a karye aka same shi gida biyu, ya yi wa lainarsa zane daga sama har ƙasa, yaron ya ɗauka yana jujjuyawa a hannu, maigidansa na nuna masa gurbin da iskar ke bi.